Waiwaye: Yadda kuɗi da siyasa suka ɗaure dokar bindiga a Amurka

A watan Afrilun 2013, wata huɗu bayan wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya harbe yara 20 da manya 6, Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan wani ƙuduri mai sauƙin gaske. Bai nemi a ƙwace bindigar kowa ba. Cewa kawai ya yi a riƙa bincikar tarihin mai saye ko da a wurin baje kolin bindigogi ko ta intanet aka yi cinikin. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna kusan mutum 9 cikin 10 na goyon baya. Sanatoci 54 suka amince, 46 suka ƙi, amma ƙa'idar majalisar sai an samu 60. Haka ƙudurin ya mutu a gaban idon iyalan waɗanda aka kashe.

Wannan ƙuri'a tana da dogon asali. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, tsofaffin sojojin yaƙin basasa ne suka kafa ta a New York a 1871, domin koyar da iya saiti. Ta shafe kusan shekara ɗari a matsayin ƙungiyar maharba da masu wasan harbi. Da aka yi dokar 1934 wadda ta ɗora harajin dala 200 kan bindiga mai sarrafa kanta, ba ta tayar da jijiyar wuya ba. Ko a 1968, da aka kawo wata sabuwar doka bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta yi adawa da rajistar bindigogi amma ta haƙura da sauran dokar, har da hana sayar da bindiga ta gidan waya. Ta wannan hanyar ce dai wanda ya kashe Shugaba John Kennedy a 1963 ya sayi tasa, bayan ya ga talla a mujallar ƙungiyar.

Abubuwa sun juya a 1977, a taron shekara-shekara da aka yi a Cincinnati. Masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter, tsohon shugaban dakarun tsaron kan iyaka, suka kwana suna kaɗa ƙuri'a har suka tumɓuke shugabannin. Daga ranar NRA ta koma ƙungiyar siyasa tsantsa, tana kafa hujja da gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya tanadi 'yancin mallakar makami, aka kuma amince da shi tun 1791.

Mutane kan ɗauka sayen 'yan majalisa take yi kai tsaye. A ganina lamarin ya fi haka zurfi. Abin da take zubawa a asusun ɗan takara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na kamfanonin magunguna ko na mai. Ƙarfinta yana wurin yadda take mayar da masu gidan rana ƙuri'a. Tana ba kowane ɗan takara maki kamar ɗan makaranta, daga A zuwa F, sannan ta aika wa miliyoyin mambobinta sakamakon gab da zaɓe. Waɗannan mutane ne da batun bindiga kaɗai ke fitar da su rumfar zaɓe, musamman a zaɓen fid da gwani inda ƙuri'u kaɗan ke kayar da mutum. Masu son a tsaurara doka sun fi yawa, amma akasarinsu tattalin arziki ko haraji suke dubawa ranar zaɓe, kuma ɗan siyasa ya san da haka.

An ga aikin wannan a 1994. Gwamnatin Bill Clinton ta samar da dokar Brady ta binciken mai saye a 1993, ta kuma haramta wasu bindigogi masu kama da na yaƙi a shekarar da ta biyo baya. A zaɓen tsakiyar wa'adi jam'iyyar Clinton ta Democrat ta rasa Majalisar Wakilai karon farko cikin shekara 40, har kakakinta Tom Foley ya sha kaye a mazaɓarsa. Clinton da kansa ya ɗora wa NRA babban kaso na laifin. Tsoron ya zauna a zukatan 'yan siyasa, don haka da wa'adin haramcin ya cika a 2004, majalisa ta bar shi ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan sharuɗɗan da ake cusawa cikin doka ba tare da hayaniya ba. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga. Shi ya sa a cibiyar bin sawun makamai da ke Martinsburg a West Virginia, ma'aikata ke fama da tulin kwalaye na takardun shagunan da suka rufe, suna ɗaukar hotonsu shafi-shafi, domin ba a yarda a zuba su a kwamfuta ta yadda za a nemo sunan mutum ba. A 1996 ɗan majalisa Jay Dickey ya shigar da sharaɗin da ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta janye jiki daga binciken mace-macen bindiga, aka kuma karkatar da dala miliyan 2.6 daga wannan aiki. Sai a ƙarshen 2019 aka sake ware kuɗi, bayan Dickey kansa ya nuna nadama. A 2005 kuma George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta kare kamfanonin ƙera bindiga daga mafi yawan ƙararraki. An toshe bayanai, an toshe bincike, an ƙuntata hanyar kotu.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya cire iyaka kan kuɗin da ƙungiyoyi ke kashewa a yaƙin neman zaɓe ya ƙara buɗe ƙofa. A 2016 NRA ta kashe sama da dala miliyan 30 wajen tallafa wa Donald Trump, shi kuma ya naɗa alƙalai 3 a kotun. Ɗaya ɓangaren ma sai da ya samu nasa attajirin kafin a saurare shi: Michael Bloomberg ya kafa Everytown, ƙungiyar masu neman a tsaurara dokar bindiga, a 2014 da alƙawarin dala miliyan 50. Abin takaici ne a ce hawayen iyaye bai isa ba sai an haɗa da aljihun biloniya.

Yau NRA ta yi rauni. Jihar New York ta maka ta a kotu a 2020, shugabanta Wayne LaPierre ya sauka a 2024, aka kuma same shi da laifin almubazzaranci da dukiyar ƙungiya. Amma ginin da ta yi yana nan daram. Bayan kisan yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas, Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ƙara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ranar 25 ga Yunin 2022. Kwana biyu kafin nan, Kotun Ƙoli ta soke dokar New York ta sama da shekara 100 da ke taƙaita yawo da bindiga a bainar jama'a, da rinjayen alƙalai 6 kan 3.