Gadon ƙwayoyin halitta

Gadon ƙwayoyin halitta shi ne hanyar da siffofin iyaye ke ratsawa zuwa ga 'ya'ya, a mutane da dabbobi da tsirrai. Abin da ake gada ba siffar kanta ba ce. Umarnin gina ta ake gada, kuma wannan umarni yana cikin sinadarin DNA, a yankuna da ake kira ƙwayoyin gado. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu sarrafa furotin, jere a kan dogayen zaruruwan DNA 46 da ake kira kuromosom: guda 23 daga uwa, 23 daga uba.

Tarihi

Gregor Mendel, wani limamin coci a birnin Brno da ke Jamhuriyar Cek a yau, shi ya fara gano ƙa'idojin. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta barbarar waken Turawa da ake kira fis a lambun cocinsu, yana ɗaukar ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan da hannunsa. Ya zaɓi siffofi bakwai masu fuska biyu kacal, kamar tsawon kara da launin fure da santsin ƙwaya. Da ya haɗa mai ƙwaya sumul da mai ƙwaya tamoji, zuriyar farko duk ta fito sumul. Da ya bar wannan zuriya ta barbari kanta, sai tamojin ya dawo: ya ƙirga 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Ya gabatar da sakamakon a 1865, aka buga shi a 1866, amma bai samu masu saurare ba sai a 1900, bayan rasuwarsa da shekaru 16, lokacin da masana tsirrai Hugo de Vries da Carl Correns suka kai ga irin sakamakonsa. A 1936 masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya ce alƙaluman Mendel sun dace da lissafin da ake tsammani fiye da kima, har abin ya sa shakka. Har yau akwai saɓani a kan haka.

Thomas Hunt Morgan ya nuna da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, daga wajajen 1910, cewa ƙwayoyin gado a kan kuromosom suke. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana tsarin DNA, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Har zuwa 1956 an ɗauka kuromosom na mutum 48 ne.

Ƙa'idoji

Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na kusan kowace ƙwayar gado, amma ɗaya kawai yake bai wa ɗansa, kuma ba shi da zaɓi a kan wanda zai tafi. Idan kwafin biyu sun bambanta, wani yakan rinjayi wani. Mai rinjaye yana bayyana ko da shi kaɗai ne. Mai lafewa ba ya fitowa sai an gaji irinsa ta ɓangarorin biyu, shi ya sa iyaye baƙaƙe kan haifi zabiya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan kwafi biyu. Wani lokaci babu mai rinjaye, kamar a rukunin jini na AB, inda A da B suke bayyana tare.

Jinsin jariri daga uba yake fitowa. Uwa kullum kuromosom X take bayarwa. Uba ne ke ba da X a samu mace, ko Y a samu namiji.

Misalin sikila

Amosanin jini, wato sikila, shi ne misalin da ya fi fito da yadda ƙwayar gado guda ke sauya jiki. Ƙwayar tana kan kuromosom na 11, ita ke sarrafa wani sashe na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Ana rubuta umarnin DNA da haruffa, kuma harafi ɗaya ne ya canja, daga GAG zuwa GTG, sai aka samu tubali ɗaya da ba na wurin ba a matsayi na shida cikin jerin tubalan da ke gina wannan sashe. Idan oksijin ya yi ƙaranci, wannan himogulobin yana cuɗewa ya sandare, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa. Jajayen ƙwayoyin jinin kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120, sai ƙarancin jini ya biyo baya.

Kwafin da ya canja ana kiransa S, lafiyayyen kuma A, kuma mai SS ne ke da cutar. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki yiwuwar SS kashi 25 ne cikin ɗari, AS kashi 50, AA kashi 25. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne kawai zai kamu. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka huɗun duka suna iya zama SS, ko kuma a rasa ko ɗaya. AS da AA ba sa haifar SS. Haɗuwar S da wani kwafin da ya canja mai suna C, wadda ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ita ma tana jawo cutar. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawaitar S a Najeriya da maƙwabtanta.

Iyakar ƙa'idojin

Tsawo da launin fata da hawan jini ba sa bin lissafin uku bisa ɗaya. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu, kuma abinci da muhalli suna da nasu kaso.