Samfuri da Alƙaluma a Binciken Kimiyya

Samfurin kimiyya hanya ce ta siffanta wani abu na zahiri a taƙaice, da lissafi ko zane ko manhajar kwamfuta, domin a fahimce shi ko a yi hasashen abin da zai faru da shi. Duniya ta fi ƙarfin kowane lissafi, don haka mai bincike yakan zaɓi 'yan abubuwa ya riƙe, ya ajiye sauran gefe. Abin da aka ajiye ɗin nan yana nan, sai dai ba a ganinsa a cikin samfurin.

Taswirar da Gerardus Mercator ya zana a 1569 misali ce a fili. An yi ta ne don matuƙan jiragen ruwa, tana kiyaye kusurwar tafiya, amma tana kumbura ƙasashen da ke nesa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kimanin sau 14.

Tarihin ilimin falaki ya fi nuna lamarin. A 1687 Isaac Newton ya fitar da dokar jan nauyi, wadda ke ɗaukar kowace duniya tamkar ɗigo guda mai nauyi, babu duwatsu, babu tekuna. Da wannan doka Urbain Le Verrier na Faransa ya yi nazarin yadda duniyar Yuranus ke kauce wa hanyar da lissafi ya ba ta, sai ya ƙirga inda wata ɓoyayyiyar duniya za ta kasance. A ranar 23 ga Satumba 1846, Johann Galle ya saita na'urar hangen nesa a Balin ta Jamus, ya kuwa ga duniyar Neptun kusa da inda aka nuna. A 1859 Le Verrier ya sake bin wannan hanya kan duniyar Makuri, wadda ita ma kewayenta ke ɗan zamewa, da abin da aka ƙiyasta daga baya a daƙiƙar kusurwa 43 (kowace daƙiƙa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri) a kowace shekara 100. Ya ce lallai akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Balkan, masana suka yi ta nemanta shekara da shekaru. Babu ita. Samfurin ne ya kai iyakarsa, kuma sai a 1915 Albert Einstein ya warware zamewar da sabon bayani kan jan nauyi. Abin lura shi ne, da wuya mai aiki da samfuri ya gane daga cikinsa cewa ya zo gejinsa.

Alƙaluma kuwa sukan juyo su sake fasalin abin da suke aunawa. Ma'aunin BMI, wato nauyin mutum a kilo a raba da tsayinsa a mita sau tsayinsa, ya samo asali daga Adolphe Quetelet na Beljiyam a shekarun 1830, kuma don nazarin jama'a aka yi shi, ba don duba majinyaci guda ba. Ba ya bambanta tsoka da kitse. A 1998 hukumar lafiya ta Amurka ta sauko da iyakar nauyin da ya wuce kima zuwa BMI 25, sai miliyoyin mutane suka wayi gari a rukunin masu nauyin da ya wuce kima, ba su ƙara ko kilo ɗaya ba.

Haka ma adadin 0.05, wato biyar cikin ɗari, da Ronald Fisher ya ba da shawarar amfani da shi a 1925 wajen tantance ko sakamakon gwaji ya wuce sa'a kawai. Sannu a hankali ya zama shingen da mujallu da yawa ke dubawa kafin su buga bincike, wasu masu binciken kuma suka riƙa juya bayanansu har sai sun tsallake shi. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana gargaɗin kada a yanke hukuncin kimiyya bisa wannan adadi shi kaɗai.