Matsalolin lasifika mai amfilifaya a ciki da hanyoyin gano su

Lasifika mai amfilifaya a ciki ita ce wadda aka haɗa na'urar ƙara ƙarfin sauti da masu fitar da sautin a cikin akwati ɗaya, ana jona ta da wutar lantarki kai tsaye. A cikinta akwai sashen karɓar wuta, da amfilifaya, da babban faifai mai fitar da kakkaurar murya, da tuwita mai fitar da siririya. Irin ta roba mai sauƙin ɗauka ta yaɗu bayan kamfanin JBL ya fito da samfurin EON a 1995, daga baya Mackie da Yamaha da QSC da wasu suka cika kasuwa. A Kano ana ganinta a masallatai, da wuraren tafsirin azumi, da maulidi, da walimar sauka, da ɗakunan biki, kuma akwai masu sana'ar ba da hayarta.

Yawancin abin da ake kira lalacewar lasifika daga wajen akwatin yake: wuta, waya, ko saiti. Don haka ƙwararru kan fara bincike daga soket, su bi waya zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo da sauran kayan sauti ta aika wa lasifika, buɗe akwati shi ne na ƙarshe.

Rashin kamawa da matsalar wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Wasu lasifikun gwanjo da aka shigo da su daga Amurka an ƙera su ne don bolt 120, kuma jona su kai tsaye kan ƙone sashen wutar nan take. Wajibi ne mai saye, ko a kasuwar Sabon Gari ko a hannun wani, ya karanta rubutun da ke kusa da mashigar wuta. Idan fitilar ba ta kama ba, a gwada wata wayar da wani soket, sannan a duba fiyus, wanda a samfura da yawa yake cikin ɗan aljihu a mashigar wutar. A musanya shi da mai lamba iri ɗaya. Ɗaure shi da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi idan taro ya matso, ganganci ne: fiyus ɗin da ya sake yankewa alama ce ta ɓarna a ciki.

Janareta ma na da nasa. Lokacin tayar da shi, ko lokacin da mai ke ƙarewa yana tangal-tangal, ƙarfin wuta kan yi sama ya yi ƙasa. A kashe lasifika kafin a sauya layi, kada kuma a haɗa ta layi ɗaya da firji ko injin ruwa. Ƙa'idar kunnawa ita ce miksa da farko, lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa lasifika ce ta farko.

Ƙugi da ƙara

Ƙugin da ba ya yankewa yana da gwaji mai sauƙi: a zare wayar sauti daga bayan lasifikar. In ya tsaya, lasifikar lafiya take. Sau da yawa dalilin shi ne miksa da lasifika suna shan wuta daga soket daban-daban masu bambancin wayar ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta, sai a mayar da su layi ɗaya. Doguwar waya mai jijiya biyu tana kwaso hayaniya, mai baki uku ta XLR kuwa tana tace ta. Cajar kwamfuta ma kan jawo ƙara. Karya ƙafar ƙasa ta filogi na iya kashe ƙugin, amma yana barin mai riƙe da makirufo cikin haɗarin jan wuta, bai kamata a yi ba.

Kuwwar da ke tashi tana huda kunne tana faruwa ne idan makirufo ya sake ɗaukar sautin lasifika. Ta fi yawa a masallatai masu tayil da siminti. A ajiye lasifika gaba da mai magana tana ba shi baya, ya matso da makirufo kusa da baki, a rage murya.

Ɗaukewa a tsakiyar aiki

A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyas. Amfilifaya na da kariya da ke kashe ta idan ta yi zafi, ta dawo bayan ta huce. Lasifikar da ke yin shiru bayan ta jima tana aiki a rana, ko an manna bayanta da bango, iska take nema. Ƙurar hunturu kuma kan toshe fanka da ramukan shan iska, ta shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarƙara. Hura su da bulawa da rufe akwati bayan aiki na magance wannan.

Dusashewar murya

A bayan akwatin akwai fitilar da aka rubuta wa Limit ko Clip. Ƙiftawa jefi-jefi ba komai, amma in ta tsaya da ja, an matsa wa lasifikar fiye da ƙarfinta. A duba kuma maɓallin Mic (na makirufo) da Line (na miksa), domin sautin miksa a saitin makirufo yakan fashe. Idan murya ta koma kamar daga cikin tulu, galibi tuwita ce ta ƙone, kuma ana sayar da ƙwayar cikinta daban. Babban faifai ana gwada shi a kashe: a danna shi a hankali da yatsu ta kowane gefe, in an ji yana gurza, kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan, ya ƙone. Mitar gwajin lantarki kan nuna om 5 zuwa 7 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta) a lafiyayyen faifai mai om 8. Abin da ya shafi allon wuta a bar wa mai gyara, saboda manyan kafasita, wato ma'ajiyar caji da ke kan allon, na riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare filogi.