Waiwaye: yadda kuskure ya fara yin shiru a cikin async

Har yau masu rubuta manhaja ba su daina ja-in-ja ba a kan abu ɗaya: in aikin da aka tura bayan fage ya fashe, furogiram ɗin ya tsaya gaba ɗaya ne ko ya ci gaba? Wasu gani suke async/await, wato salon rubutun da ke ba furogiram damar ci gaba da wasu ayyuka yayin da yake jiran sakamakon wani, shi ne ya kawo matsalar, alhali ta girme shi.

Farkon labarin kowa ya sani. Node.js, injin gudanar da JavaScript a wajen burauza, ya fito a 2009 da callback, wato umarnin da ka bayar a kira in aiki ya ƙare, kuskure ne abu na farko da ake miƙo maka. Python ta samu asyncio, kayan aikinta na async, a 2014, Promise ya shiga JavaScript a 2015, async/await ya biyo shi cikin JavaScript a 2017.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne abin da promise da future, wato abin da ake ba ka ka riƙe a madadin sakamakon da bai iso ba, suka yi wa shi kansa kuskuren. A da in wani layi ya fashe, kuskuren komawa yake wajen wanda ya kira shi, yana hawa har sai an tare shi ko komai ya tsaya. Da aka fara tsara aiki don ya gudana daga baya, wanda ya kira ya riga ya wuce, sai aka adana kuskuren a cikin aikin yana jiran mai tambaya, kuma tunda ana iya tambaya ko yaushe, injin ba shi da tabbacin an manta ne ko ana nan tafe. A ganina tushen kenan, an bar aiki ya tashi ba mai shi.

Duba Python. Ka tada aiki da asyncio.create_task ka wuce ba ka yi await ba, wato ba ka jira sakamakonsa ba, aikin ya fashe, ba abin da ya tsaya, sai lokacin da aka share shi daga memori ka ga "Task exception was never retrieved" a log. Shi ma gather, mai gudanar da ayyuka da yawa tare, in ɗaya ya faɗi za ka ji, amma sauran suna nan suna gudu.

Gyara ya zo a hankali. Trio, wani kayan aikin async na Python, ya kawo nursery a 2017, wato tsarin da ke haɗa ayyuka ƙarƙashin mai kula ɗaya, Node 15 a 2020 ya koma tsayar da furogiram in ba a tare kuskuren promise ba, Python 3.11 a 2022 ta kawo TaskGroup, wanda in aiki ɗaya ya faɗi yake soke sauran ya miƙo maka kuskuren. Amma create_task na nan daram, tsofaffin manhajoji kuma cike suke da shi.