Flickr

Flickr dandali ne na intanet da ake ɗora hotuna da gajerun bidiyo, a adana su, a kuma nuna wa jama'a. Kamfanin Ludicorp na birnin Vancouver a Kanada ne ya buɗe shi a Fabrairun 2004, ƙarƙashin Stewart Butterfield da Caterina Fake. Tun 2018 yana hannun kamfanin SmugMug na Amurka.

Asali

Ba don hotuna aka kafa Ludicorp ba. Wasan kwamfuta suke ƙerawa mai suna Game Neverending, sai aka ga ɓangaren aika hoto da ke cikinsa ya fi shi kansa wasan kasuwa. Aka jingine wasan, aka riƙe hotunan. Da fari Flickr zauren hira ne da ake musayar hoto a ciki. Daga baya aka cire hirar, kowa ya samu shafinsa.

Zamanin Yahoo

Yahoo ya sayi kamfanin a Maris ɗin 2005. Ba a bayyana kuɗin ba, amma an fi ambaton dala miliyan 22 zuwa 25. A 2007 aka rufe Yahoo Photos, aka kuma wajabta wa tsofaffin mambobin Flickr shiga da asusun Yahoo, abin da ya jawo guna-guni sosai. A 2008 aka ƙara bidiyo na daƙiƙa 90, kuma a shekarar ce Butterfield da Fake suka bar kamfanin. Butterfield ya koma ƙera wani wasan, shi ma bai yi ƙarko ba, daga cikinsa Slack, manhajar aika saƙo tsakanin abokan aiki, ta fito.

A waɗannan shekarun mai asusun kyauta hotunansa 200 na baya-bayan nan kaɗai ake gani. Sauran ba a goge su, ana dai ɓoye su sai ya biya. Inda aka yi sake shi ne wayar hannu. Instagram ya fito a Oktoban 2010, manhajar Flickr kuwa ba ta gyaru ba sai ƙarshen 2012, lokacin masu ɗaukar hoto da waya sun riga sun kama wani wurin. A Mayun 2013 Yahoo ya ba kowa wurin ajiya mai girman terabait 1 kyauta. Kyautar ta yi yawa: ta rage dalilin biyan kuɗi, ta kuma ƙara nauyin ajiya.

Kamfanin sadarwa na Verizon ya haɗiye Yahoo a 2017, ya sayar da Flickr ga SmugMug a Afrilun 2018. Sabbin masu shi suka soke terabait ɗin, suka ƙayyade asusun kyauta a kan hotuna 1,000, tare da gargaɗin goge rarar daga mafi tsufa. An ɗage wa'adin gogewar zuwa Maris ɗin 2019.

Jama'arsa da yadda suke aiki

Abin da ya bambanta Flickr tun farko shi ne laƙabi. Mai hoto zai maƙala masa kalmomi, misali Kano, rini, Kofar Mata, duk wanda ya nemi ɗayansu ya ci karo da shi. Dandalin yana kuma nuna bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikin hoto: samfurinta, irin gilashin, saurin ɗauka da buɗewar idon kyamarar. Da wannan masu koyo suke gane yadda aka ɗauki hoton da ya burge su. Wanda bai kashe bayanin wuri ba kuwa yana iya tona inda gidansa yake bai sani ba.

Akwai rukunoni na masu sha'awar tsuntsaye, jiragen ƙasa, tsofaffin kyamarorin fim da sauransu, kowanne da shugabanninsa, wasu kuma da dokar yawan hoton da za a saka a rana. Shafin Explore yana zaɓo hotuna kusan 500 kullum, bisa lissafin da kamfanin bai bayyana ba.

Lasisi da taskar tarihi

Tun 2004 mai hoto yana iya zaɓar lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a damar amfani da hoton kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Ta wannan hanya hotuna masu yawa suka shiga Wikimedia Commons, taskar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, wadda ba ta karɓar waɗanda aka hana kasuwanci da su ko aka hana sauya su. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa lasisin ya wadatar. Haƙƙin mai ɗaukar hoto kawai ya shafa, ban da yardar wanda ke cikinsa. A kan haka aka kai ƙarar Virgin Mobile ta Ostiraliya a 2007, bayan ta ɗauko hoton wata yarinya daga Flickr ta sa a talla.

A Janairun 2008 aka buɗe sashen The Commons tare da ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, da tsofaffin hotuna wajen 3,000, jama'a na taimakawa da sunayen mutane da wuraren da ba a gane ba. A Disambar 2013 babban ɗakin karatun Birtaniya ya ɗora zane da hotuna fiye da miliyan 1 da aka ciro daga tsofaffin littattafai. Gidauniyar Flickr, wadda aka kafa a 2022, ita ke kula da sashen yanzu.

Taƙaddama

A 2007 Flickr ya taƙaita abin da masu amfani a Jamus, Singafo, Hong Kong da Koriya ta Kudu ke iya gani. Jamusawa sun yi bore, aka sassauta musu. A shekarar ce kuma China ta toshe hotunan dandalin.