Mene ne "atin" a ginin na'urorin tarho?

Atin, kamar yadda masu aikin wuta ke kiransa, shi ne haɗa jikin na'ura da ƙasa ta hanyar waya, domin wutar da ta ɓace hanya ta sami inda za ta zurare ba tare da ta bi ta jikin mutum ba. A gida, wayar nan mai launin kore da rawaya ce ke wannan aiki. Amma a ginin da kamfanin waya ke girke na'urorin haɗa kira, lamarin ya wuce a kafa ƙarfe ɗaya a bayan ɗaki.

Dalili shi ne dubban wayoyi ne ke shigowa ginin daga nesa, ga eriya a sama, kuma kowanne ƙofa ce ga tsawa. Faɗuwar tsawa ɗaya kan ɗauko wuta mai yawan amfiya kusan 30,000 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Shi ya sa ake binne wayar jan ƙarfe ta zagaye ginin, a kafa sanduna a jikinta, sannan a jawo ta ciki zuwa wani faffaɗan jan ƙarfe mai ramuka. A nan komai ke haɗuwa: akwatunan na'urori, rigar kebul, bututun ruwa, har ƙarafan ginin kansa.

Wannan haɗuwar ita ce zuciyar maganar, ko da yake an fi yawan tambayar om nawa aka auna, wato ma'aunin yadda hanyar atin ke tare wa wuta shiga ƙasa. Gaskiya ne kamfanoni da yawa na neman om 5 ko ƙasa da haka. Sai dai abin da ke ƙona na'ura shi ne bambancin ƙarfin wuta tsakanin ƙarafa biyu. In tsawa ta faɗi, komai ya tashi tare ya sauka tare, wuta ba ta da dalilin tsallakawa. In kuwa akwati ɗaya na da nasa atin daban, to ta cikin na'urar za ta ratsa ta nemi ɗayan. Tsofaffin na'urori masu motsin ƙarfe suna jure wannan, amma na zamani masu ƙananan kayan lantarki ba sa yafewa. Ƙa'idar K.27 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a kan wannan tsari take magana.

Akwai wani abin da kan ba sabon ma'aikaci mamaki. Na'urorin suna aiki ne da batir mai volt 48, amma ɓangaren da ke da alamar tarawa ake haɗawa da ƙasa, saɓanin yadda aka saba a mota. An zaɓi haka ne don rage cinyewar wayoyin jan ƙarfe idan danshi ya shige su.

Ita wayar atin ba a son a lanƙwasa ta da kaifi, ba a son ta yi tsawo, domin wutar tsawa ba ta son kwana. Kuma awon da aka yi ƙasa na jiƙe ba shi za a samu ba idan ta bushe, don haka ake maimaita shi lokaci zuwa lokaci.