Wai sai an tura malami bita zai gyara koyarwa?

Malamanmu na firamare daga Gusau har Maru sun daɗe da wannan tunanin, wai in SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ba ta kira ka bita da alawus ba, koyarwarka ba ta gyaruwa. Wallahi ba haka ba ne. Bita 'yan kwanaki ce, aji kuwa kullum kana cikinai. In an tashi ka zauna minti 10 ka rubuta inda yara suka yi tsit, in rabin aji sun faɗi lissafin rabi da kwata to bayaninka ne da gyara, gobe ka zo da lemu ka yanka gabansu. Ko abokin aiki ya zauna bayan aji ya kalle ka, da kunya kam, amma shi zai gaya maka allo kake wa magana ba yara ba.